Shekara tara bayan Yaya Sabo: ba Tanimu ne ya kashe shi ba

A wannan makon yayana Sabo, kafinta a Unguwar Kanawa, ya cika shekara tara da rasuwa. Allah Ya jiƙansa, Ya haskaka kabarinsa. Duk shekara idan lokacin ya zagayo, sai a saka hotonsa a zauren dangi na waya, wanda yake sanye da farar shadda, a yi ta jero addu'a. Kafin a kai saƙo na goma kuma sai wani ya rubuta: "Allah Ya isa tsakaninmu da wanda ya yi masa wannan aiki." Sauran su bi da amin. Ba a kama suna, domin babu wanda bai san da wa ake ba. Bana ma an rubuta, kuma wadda ta rubuta 'yar uwarmu ce mai koyar da kimiyya a sakandare.

Na yi shekaru ina karanta labarai a rediyo. Abin da aka fara koya mana shi ne kada mutum ya faɗi abin da bai tabbatar ba, idan kuma kuskure ya fita ta bakinsa, ya gyara a fili yadda kowa zai ji. Wannan rubutu gyara ne, kuma ya makara da shekara tara.

Wanda ake yi wa Allah Ya isa shi ne Malam Tanimu, mutumin Abakpa, abokin aikin Yaya. Sun fi shekara ashirin a shago ɗaya suna yin ƙofofi da tagogi. Kwano ɗaya suke ci da rana, yau daga gidan Yaya, gobe daga gidan Tanimu. Ranar da ciwon ya fara, kwanon gidan Tanimu ne, ɗanwake.

Ga yadda abin ya faru bi da bi, kamar yadda Tanimu ya gaya mini da yammacin ranar, kuma wani magini da ke wurin ya tabbatar. Da hantsi suna kafa ƙofa a wani sabon gida a Kinkinau, sai Yaya ya ja da baya ya ce ƙofar ta karkace. Tanimu ya ɗora ma'aunin nan mai ɗigon ruwa a tsakiya, ɗigon ya tsaya cif.

"Sabo, ko dai ido ne ya fara tsufa? Mu nemo maka gilashi irin na alƙalai."

"Idon da ya koya maka riƙon zarto? Cire ta kawai, ba zan bar wa mutane karkatacciyar ƙofa da sunana ba."

Muryoyi suka ɗan tashi, magina suka juyo. Can Yaya ya ce ashe bangon ma ya karkace, har bishiyar mangwaron da ke tsakar gida. Ya zauna a kan bulo, jiri ya kwashe shi, ya yi amai. Tanimu ya ɗauka yunwa ce da zazzaɓi, shi ne ya buɗe kwano. Yaya ya yi loma biyu, ya kurɓi ruwa, ruwan ya fito masa ta hanci. Daga nan shaƙuwa ta kama shi, ba ta kuma sake shi ba. A lura da tsarin: jiri da amai sun riga ɗanwake. Duk cikin danginmu babu wanda ya taɓa tambayar wanne ya riga wanne.

Tanimu ya kai shi gida, ni kuma na iso bayan la'asar. Na same shi a jingine da bango, hankalinsa garau. Ya matse hannuna da ƙarfinsa na kafinta, hannu biyu duka, ƙafafu ma suna motsi. Amma muryarsa ta dushe, kamar wanda ya wuni yana ihu. Fatar idonsa na hagu ta ɗan sauko. Ana zafi ranar, gumi yana tsattsafowa a gefen goshinsa na dama, gefen hagu kuwa a bushe ƙamas, kamar an ja layi daga tsakiyar goshi zuwa hanci. Idan ya miƙe sai ya tafi hagu, kamar ana jan sa da igiya. Matarsa Asabe ta kawo ruwan zafi za ta gasa masa jiki. Ya tsoma hannun dama ya ce ai ba ta ɗora ruwan a wuta ba. Ya tsoma na hagu, ya fizge da sauri. Da ya zo alwala da ruwan randa, kumatun dama ya ji sanyi, na hagu bai ji ba. Wato a fuska hagu ne ya daina jin zafi da sanyi, a jiki kuma dama.

Wannan giciyen ne ya ruɗe mu. Mun san shanyewar ɓarin jiki, mun ga yadda take kwashe gefe guda daga sama har ƙasa, baki ya karkace, hannu ya saki. Wannan bai yi kama da ita ba ko kaɗan. Gwaggo Dije, ƙanwar babanmu, wadda ta riƙe mu tun rasuwar mahaifiyarmu, ta daɗe tana kallonsa, sannan ta ce, "Wannan ba ciwon asibiti ba ne. Me ya ci? Daga gidan wa?" Aka gaya mata. Wani ya ƙara da cewa an ji su suna cacar baki da safe. Kafin magariba an gama shari'a: an ba shi sammu a abinci, ya tsaya masa a wuya, shaƙuwar kuma jiki ne ke ƙoƙarin fitar da shi.

Washegari na matsa aka kai shi asibiti. Likitar da ta duba shi ba ta yi mamakin komai ba, abin da ya ba ni mamaki ke nan. Ta ɗora masa makulli mai sanyi a kumatu da hannuwa, ta ɗan tsikare shi da allura nan da can, ta sa ya buɗe baki ta leƙa maƙogwaro, ta ce ya taɓa hancinsa da yatsa. Hannun hagu ya yi ta kuskure hancin. Ta tura aka yi hoton ƙwaƙwalwa. Da sakamako ya fito, ta kira ni gefe ta yi mini zane a bayan kati.

Ta ce a gindin ƙwaƙwalwa, inda take haɗuwa da lakar baya, akwai wani ɗan wuri da kaurinsa bai wuce babban yatsa ba, kuma saƙonnin jiki duk ta nan suke bi. Wata ƙaramar jijiyar jini ce ta toshe a gefen hagu na wurin. Saƙon zafi da sanyi na jiki yakan tsallaka zuwa ɗaya gefen tun daga ƙasa, na fuska kuwa a nan bai tsallaka ba, shi ya sa toshewa ɗaya ta taɓa fuska a hagu, jiki a dama. A wannan ɗan wurin ne kuma ake kula da haɗiya da murya da daidaiton tsayuwa, har da shaƙuwa. Dangin shanyewar ɓarin jiki ce, sai dai ta faɗa inda ba ya taɓa ƙarfin hannu da ƙafa. Ta tambayi ko yana da hawan jini. Yana da shi, ya daina shan magani tun da ya ji garau.

"Malam Nuhu," in ji ta, "shaƙuwar ba ta dame ni ba. Haɗiya ce abin tsoro. Maƙogwaronsa ba ya rufe hanyar numfashi, duk abin da ya sha zai iya gangarawa huhu. Ko cokali ɗaya na ruwa kada a ba shi ta baki. Za mu sa masa roba ta hanci, ta nan zai ci ya sha. Masu irin wannan da yawa suna tashi, haɗiya tana dawowa a hankali. Kai ne ka fahimci bayanin, kai za ka tsare mini shi."

Na ce in sha Allahu.

Kwana huɗu yana samun sauƙi. Shaƙuwar ta fara ba shi hutu, ya fara zama da kansa. Ya karɓi birona ya rubuta a takarda yana tambayar ko an gama aikin Kinkinau, a ƙasa kuma ya rubuta, "Ina Tanimu?" Tanimu ya zo sau biyu. Sau biyun 'yan uwa suka mayar da shi daga bakin ƙofar ɗakin.

Rana ta biyar, lokacin dubiya bayan la'asar, Gwaggo ta shigo da fulas a ƙarƙashin mayafi. Makarin sammu ne ta karɓo daga wani mai magani. Ya gaya mata robar asibiti danna abin take yi ciki, dole sai ya sha ya amayo shi.

Na ce, "Gwaggo, likita ta hana."

"Likitar ce ta goye shi ko ni? Kai Nuhu, labarin duniya kake karantawa amma ba ka san abin da ke cikinta ba. Ja mana labulen nan."

Na ja labulen.

Yaya ya kawar da kai. Da wannan dusasshiyar muryar ya ce, "Gwaggo, Tanimu bai yi mini komai ba."

Ta juya ga matan da ke tsaye. "Kun ji ko? Har bakinsa an ɗaure." Sannan ta dube shi. "Sabo, in dai na isa da kai, buɗe bakinka."

Mutum ne mai shekara hamsin da uku, da jikoki, bai taɓa ce mata a'a ba. Ya dube ni. Ni kuwa ina leƙen ɗan tsagin labule, ina duba ko nas na tafe.

Murfin fulas uku ya sha. Tari ya turnuƙe shi, ruwan magani ya fito ta hanci yana bin gefen robar, fuskarsa ta yi baƙi. Ya yi amai a tasa. Gwaggo ta zaro tsinken tsintsiya daga bakin zaninta, ta shiga tona aman, ta ɗago wani baƙin zare. Matan suka ɗauki kabbara ƙasa-ƙasa. Aka yi ta miƙa tsinken daga hannu zuwa hannu, har ya iso gabana. Na dube shi da kyau. Zaren saiwa ne, irinsa ya fi goma a gindin fulas ɗin, na gan su da idona lokacin da take tsiyayewa. Ban ce komai ba. Aka ƙulle shi a leda aka kai gida, aka yi kwanaki ana nuna wa masu zuwa gaisuwa.

Washegari zazzaɓi ya rufe shi, numfashi ya fara yi masa wuya. Likitar ta saurari ƙirjinsa, ta ɗago ta dube ni.

"Me aka ba shi?"

"Ba komai."

Ba ta yi gardama ba. Ta ce, "To," ta rubuta allurai. Sun yi iya ƙoƙarinsu. Bayan kwana uku, ana kiran sallar azahar, ya cika. Ciwon huhu ne ya ɗauke shi. Na yi imani da ajali kamar kowane Musulmi, na kuma san za a tambayi kowa abin da hannunsa ya yi.

A gida labarin ya zama cewa makarin ne ya makara, sammu ya riga ya ci shi. Ranar jana'iza Tanimu ya matso zai kama makara, wani ƙanenmu ya dafa ƙirjinsa ya ce ya ja da baya. Ya yi salla a ƙarshen sahun baya, ya tafi. Aka raba kayan shago. Mutanen Unguwar Kanawa suka daina ba shi aiki, mai ƙofofin manyan gidaje ya koma gyaran benci da ƙafar kujera a ƙofar gidansa. Da azumi matarsa ta aika da kwano gidan Yaya kamar yadda ta saba, aka mayar da shi a rufe. Ta sake aikawa wasu gidajen maƙwabta, su ma suka mayar.

Duk wannan a gabana aka yi. Dalilin shiruna ba shi da wuyar ganewa. Idan na ce ba Tanimu ba ne, sai an tambaye ni to wane ne, amsar kuma ta ƙunshi tsohuwar da ta rene mu, da ni da na ja labule na kuma yi wa likita ƙarya. Na ga ya fi sauƙi wani mutumin Abakpa ya ɗauki kayan. Gwaggo ba ta yi karatu ba, kuma da soyayya ta ɗauko fulas ɗin nan. Ni aka yi wa zane a bayan kati. Ƙyamar da nake ji idan na tuna ranar ba ta tsaya a kan tasar amai ba, ta haɗa da mutumin da ya koma aiki bayan sadakar bakwai ya ci gaba da karanta wa jama'a labarai da tsaftatacciyar murya.

Nakan tambayi kaina me Yaya zai ce da ya ga yau. Injinan hoton ƙwaƙwalwa sun ƙaru a garin nan, kowa kuma yana da waya a aljihu da zai iya neman bayanin kowace cuta. Abin da muke tura wa juna da wayar shi ne bidiyon masu magani suna nuna gashi da allurai da suka ce sun ciro daga cikin mutane, ana kabbara a bayansu. Masu digiri ne ke turawa. Yaya mutum ne da ba ya karɓar katako sai ya juya shi ya ga bayansa. Ina jin da zai kalli bidiyon nan sau ɗaya, ya ce a nuna masa hannun mai maganin kafin ya fara, ya ajiye wayar.

Watan jiya na je dubiyar wani tsohon abokin aiki. A gadon da ke kusa da shi akwai dattijo da roba a hanci, wata mata tana ɗura masa kunu a ɓoye. Na yi magana. Ta ce, "Haba Alhaji, ɗan cokali ɗaya ne, a bar bawan Allah da busasshen maƙoshi?" Na je na kira nas. Ta bi ni da harara har na fita. Harara ce kawai, kuma ita na kasa ɗauka shekara tara da suka wuce.

Ga mai karatu da zai gamu da irin wannan: jiri mai tsanani da ya zo farat ɗaya, shaƙuwar da ta ƙi tsayawa, murya ta dushe, ruwa yana ƙware mutum ko yana fitowa ta hanci, wani sashe na jiki ya daina bambanta zafi da sanyi, to a garzaya asibiti nan take ko da hannu da ƙafa suna aiki. Kada a ba shi komai ta baki, ko ruwan tofi ne. Addu'a tana isa ba sai an haɗiya ba.

Abin da ya buɗe bakina ba jarumta ba ce. Mako biyu da suka wuce wani dattijo ya yi sallama a gidana. Kawun wani saurayi ne da ke neman auren Rabi, 'yar Tanimu, ya fito binciken asali kamar yadda aka saba. Gida uku ya shiga, gida ukun an gaya masa uban yarinya ya taɓa kashe amininsa da sammu. Ya ce, "Mun ji magana, muka ce bari mu ji daga bakin masu gawa kafin mu janye." Na zaunar da shi na gaya masa duk abin da na rubuta a sama. Da na gama ya ce, "Na yarda da kai, Malam Nuhu. Amma ni kaɗai na ji wannan. Waccan kuwa unguwa guda ce ta ji."

Na fara da gaya wa Asabe, matar Yaya. Ban kai ƙarshe ba ta ce, "Ni ma na ga saiwar. Ni na wanke fulas ɗin." Ban san mu nawa ne muka gani ba, kuma ba na son in ƙirga. Gwaggo ta tsufa, idonta ya yi rauni. Da na gaya mata, ta yi kuka, ta ce na sayar da jinin ɗan uwana, idan kuma na kai maganar nan waje kada in sake taka ɗakinta.

Tanimu na same shi a ƙofar gidansa a Abakpa yana goge ƙafar wani benci. Ya yi furfura sosai. Na durƙusa na faɗa masa komai, bai daina aikinsa ba har na gama.

"Nuhu, ai ba labari ka kawo mini ba. Na san ba ni ba ne." Ya hure ƙurar katakon. "Abin da ban sani ba shi ne kai ma ka sani."

Na ce ya yafe mini.

"Wannan ka bar ni tukuna. Amma akwai wata magana. Ran sunan Rabi, Sabo ya ce shi zai ba da aurenta, na ce na ba shi. Ba ya nan. Kai za ka zauna a wurinsa, a gaban mutanen Abakpa da na Unguwar Kanawa, ka ba da ita da wannan muryar taka da kowa ya sani. In za ka iya."

Idan na duba abin da ya rage na Yaya Sabo, 'ya'yansa sun girma suna ƙin mutumin da ya ɗauko ubansu daga Kinkinau ya kawo shi gida. Shagon ya zama wurin cajin waya. Sunansa kuma mun mayar da shi abin tsine wa marar laifi sau ɗaya a shekara. Abu guda na samu da ba mu ɓata ba, alkawarin da ya yi wa abokinsa a kan jaririya 'yar kwana bakwai, shi ma don ba mu san da shi ba ne.

Dangin saurayi ba su janye ba. An sa rana, Juma'a ta sama, bayan an sauko daga masallaci. Idan liman ya tambayi waliyyin amarya, zan ce ni ne, Nuhu, a madadin yayana Sabo, aminin ubanta. Gwaggo ta aiko jiya cewa maganarta tana nan. Na aika mata cewa na ji, kuma zan je. Duk wanda ya taɓa rubuta amin a zauren dangi, ina gayyatarsa ya zo ya zauna kusa, inda zai ji da kyau.